Filin Jirgin Goma da Mutanen da Ba Su Taɓa Hawa Jirgi Ba



Sunan Goma ya daɗe yana shiga kunnena ta rediyo, kuma kusan duk lokacin da aka ambace shi sai an haɗa da filin jirgin samansa. Wannan ne ya sa na zauna ina tunanin abin da ya ba ƙaramin fili irin wannan muhimmanci haka.

Goma shi ne babban birnin lardin Kivu ta Arewa a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo. Yana bakin tafkin Kivu, jingine da iyakar Ruwanda, ga dutsen Nyiragongo mai aman wuta ta arewa da shi. Tsakaninsa da Kinshasa ya haura kilomita 1,500, kuma babu titin mota na kirki da ya haɗa su. Jirgin ruwa zai kai ka Bukavu a ɗaya bakin tafkin, amma mai zuwa babban birnin ƙasar sai ya bi ta sama.

A watan Yulin 1994, bayan kisan kiyashin Ruwanda, dubban ɗaruruwan 'yan gudun hijira sun kwararo garin, cutar kwalara ta ɓarke a cikinsu. Ta wannan fili aka riƙa sauke magani da abinci da injinan tace ruwa.

Ranar 17 ga Janairun 2002 Nyiragongo ya yi aman wuta. Narkakken dutse ya ratsa gari har cikin tafki, ya binne kusan kashi ɗaya cikin uku na titin saukar jirage, mai tsawon kilomita 3. Jirage suka ci gaba da amfani da ragowar. A watan Afrilun 2008 wani jirgin fasinja ya kasa tashi, ya zarce ƙarshen titin ya afka unguwar Birere mai cike da 'yan kasuwa. Mutum kusan 40 suka rasu, akasarinsu waɗanda ke ƙasa suna neman abincinsu.

Wannan ne abin da ya fi tsaya mini a rai. Mukan ɗauki filin jirgi a matsayin wurin masu hali, masu jakar taya da fasfo. Amma a Goma, mai tallar tumatir da ba ta taɓa riƙe tikiti ba, ita jirgi ya faɗo wa, kuma ɗanta ne ke jiran maganin da jirgi zai kawo. Da 'yan tawayen M23 suka kama birnin a ƙarshen Janairun 2025 aka rufe filin, ƙungiyoyin agaji suka yi ta roƙon a buɗe shi, alhali asibitoci sun cika da masu rauni. Masu hali kuwa suna iya tsallakawa Ruwanda su kama jirgi a Kigali.

Shi ya sa nake ganin idan ɗayanmu zai rubuta labarin wuri irin wannan, kada ya tsaya a ɗakin jiran fasinjoji. Ya zagaya bayan katanga, ya tambayi masu kwana a ƙarƙashin ƙarar injin me zuwan jirgi ke kawo musu, me kuma suke rasawa ranar da bai zo ba.

Allah ya kawo wa mutanen Goma zaman lafiya.