Daren Da Aka Kawo Wuta

A ƙasar Hausa kiɗa gado ne. Ɗan mai kalangu a gindin ubansa yake koyo, haka ɗan mai gurmi ko kukuma. To jita fa, wa ya gaje ta a Gwarzo? Shi ya sa a 1994, da mu uku muka haɗa kuɗi muka bi ta Kabo da Rimin Gado zuwa Sabon Garin Kano, muka sayo wata tsohuwa mai aiki da lantarki, a buhun taki muka shigo da ita gari, gudun kada a ce 'ya'yan malamai sun koma roƙo.

Kaset ne malaminmu. Mu sa Bala Miller ko Sa'adu Bori na Maraɗi, mu saurari gaɓa ɗaya, mu zura biro mu mayar da zaren baya don tattalin batir, mu sake ji. Tsirkiya shida gare ta, duk na ƙarfe. Yatsunmu na hagu sai da suka tsage kafin suka yi kanta.

Abin da ya rufa mana asiri, mai karatu, shi ne irin wannan jita ba ta da ƙwarya kamar gurmi. Falankin katako ce kawai. Maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyin ne ke ɗaukar rawarsu ya miƙa wa lasifika, saboda haka in babu wuta, sautinta bai fi kukan sauro ba. Unguwarmu kuwa a lokacin akan yi mako ba a ga wuta ba. Sai muka saki jiki a shagonmu na jikin zaure, har muka mance wayar tana jone, an kuma mure murya ƙarshe.

Wani dare bayan lisha, muna cikin laluben wani kiɗan gurmi da muke ji a gidan biki, aka kawo wuta. Jita ta yi ruri, awaki suka watse, almajirai suka yi tsit.

Sai ga Baffa a bakin ƙofa, da carbi a hannu. Muka durƙusa, babu mai iya ɗaga kai. Ya daɗe yana kallon abar, sannan ya ce, "Wa ke kaɗawa?"

"Mu duka ne, Baffa."

"Tsirkiyar ƙasan nan ta saki. Ku ɗaure ta."

Yadda aka yi kunnensa ya san haka, har ya bar duniya ba mu sami ƙarfin halin tambayarsa ba. Jitar dai ya bar mana. Lasifikar kuwa ya sa almajiri ya ɗauka, da asuba muka ji ladan yana kiran salla da ita.