Harafi Ɗaya Ya Tsare Fenshon Tsohon Soja

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta.

Ni akawu ne, ina zaune a Gyaɗi-Gyaɗi cikin ƙasar Tarauni. Muna da wani maƙwabci dattijo, ya shiga soja a 1968 ana tsakiyar yaƙin basasa. Harsashi ya same shi a cinya, aka sallame shi da ɗingishi. Bara aka tsai da fenshonsa. Ya je ofis sau uku, ana ce masa sunansa bai dace ba. Ya komo gida ya ce haka Allah ya so, ya naɗe takardunsa ya tura ƙarƙashin katifa. Har rediyonsa ya sayar don ya sayi magani.

Ran nan na ce, "Baba, kawo in gani." Ashe sunansa a takardar sallama da na banki sun saɓa da harafi ɗaya tak. Harafi ɗaya ya hana mutum abincinsa wata bakwai! Na ji kunya ƙwarai, don kullum ina wuce shi a ƙofar gida da alƙalamina a aljihu.

Muka je kotu ya yi rantsuwa cewa sunayen biyu nasa ne. Likita ya duba ƙafar ya rubuta shaida. Na rubuta takardar roƙo a sāke duba hukuncin, na sa lambarsa ta soja da shekarar sallama, muka ajiye kwafin kome. Ƙungiyar tsofaffin soja ta Lijiyon ta nuna mana inda za mu kai. Bayan wata huɗu aka mayar masa, har da bashin baya.

To, jama'a, rashin sani ya fi dare duhu. "Babu" ta bakin taga ba ita ce ƙarshen magana ba. A nemi dalilin a rubuce, a amsa shi a rubuce. Kowace 15 ga Janairu ana tunawa da sojan da suka mutu. Masu rai fa? Kowane mai ilmi ya dubi unguwarsa, ya rubuta wa tsoho guda takarda ba da ko kwabo ba. Haza wasalam.

Akawu,
Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.