Raƙuman Ruwa: Iyalin Damagaram a Zangon Bakin Teku

Ƙasar Damagaram ba ta san teku ba. Ruwan da mutumin Zinder ya saba gani shi ne tafkin Gidimuni, da rijiyoyin lambunan Mirya, da tafkunan damina masu ƙafewa kafin bazara. Saboda haka ana iya zaton Hausar wannan yanki za ta yi shiru idan ta isa gaɓar teku. Abin da ya faru da wani iyali na unguwar Zango ya isa ya sa mai nazarin harshe ya sake duba wannan zato.

Maigidan dillalin motoci ne da ya daɗe yana ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Kafin a rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, ya cika wa ƴaƴansa alkawarin kai su su ga teku a babban hutun makaranta. Su bakwai suka tashi: shi, da uwargida, da yara huɗu, da mahaifiyarsa. Suka bi ta Maraɗi da Birnin Ƙonni da Doso, suka haye gadar Gaya zuwa Malanbil, suka gangara ta Paraku, tafiyar fiye da kilomita 1,500, har garin Grand-Popo kusa da iyakar Togo. Dangi sun yi ta tsegumi, don a ganinsu hutu shi ne sararawa bayan aiki, kuma tafiya da damina, ba fatauci ba ziyara, ɓarnar dukiya ce. Yaran ma da sunan aro suke kiran abin: bakans.

Masaukinsu wani makeken fili ne a inuwar itatuwan kwakwa, an jera tantuna, ga wurin girki, ga famfo, ga baƙi daga ƙasashe dabam-dabam. Yaran suka karanta allon ƙofa da Faransanci. Tsohuwar ta dubi wurin ta ce, "Wannan ai zango ne." Nan take ta tambayi alƙibla, ta nemi sanin mai zangon, ta aika wa maƙwabtan tanti da kilishi. Ba ta yi kuskure ba. Unguwar da ta fito ta samo sunanta ne daga masaukin ayarin raƙuma da ke wajen ganuwar Birni, inda fataken Agadas da na Arewacin Afirka ke sauke kaya a zamanin Sarki Tanimun. Fataken goro sun kai kalmar har kudu, shi ya sa ake da Zango a Kwatano da Lome da Kumasi da Ankara. Harshen da ke da madugu da jagaba da ayari ya riga ya san yadda ake kwana a bukkar wucin gadi tsakanin baƙi.

Da gari ya waye suka nufi gaɓa. Babbar jikar, ɗalibar lise, ta shiga nuna wa ƙannenta abubuwa da sunayen da ta koya a aji: plage, vague, marée. Kakarta ta ce, "Ke kishiya, bar wannan yaren. Waɗancan masu tasowa ai raƙuman ruwa ne." Yarinyar ta ɗauka wasan kaka da jika ne, alhali kalmar tsohuwa ce a Hausa, kuma tana da ƴar uwa, taguwar ruwa, taguwa kuwa ita ce macen raƙumi. Hikimar a fili take. Mutanen da suka saba ganin tozon raƙuma a jere yana hawa yana sauka a sararin Sahara, da suka ga ruwa yana yin haka, sai suka ara masa sunan abin da suka sani. Ta wannan hanya harshe ke faɗaɗa ma'ana: ya ɗauki sananne ya raɗa wa baƙo suna. Wata hanyar ita ce aro, kamar bahar daga Larabci a cikin Bahar Maliya da Bahar Rum, ko laima daga kalmar Larabci mai nufin tanti.

Sai dai akwai inda kalma ta yi ƙaranci, kuma a nan ne maganar ta wuce ado ta zama ta rai. Tekun wannan gaɓa yana da ja mai ƙarfi ta ƙarƙashi. Mai gadin wurin ya yi kashedi da Faransanci, yaran suka gyaɗa kai kamar a gaban malamin aji, suka ci gaba da tsoma ƙafa. Uwargida ce ta ce, "Ruwan nan ja yake daga ƙasa, kamar korama in ta kawo." Sai kowa ya ja da baya, don duk ɗan Damagaram ya ji labarin koramar da ta ci mutum da jakinsa. Cikar teku da janyewarsa kuwa, ƙaramin yaron ya sama musu suna: ya ce teku numfashi yake yi. Da haka iyalin suka riƙa kiran abin har suka bar wurin.

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Wannan ya ɗora wa masana harshe nauyin samar da kalmomin labarin ƙasa da kimiyya don littattafan makaranta. Hanya mafi sauƙi ita ce a zauna a ofis a fassara ƙamus ɗin Faransanci kalma bayan kalma. Mafi inganci ita ce a fara tattara abin da ke bakin tsofaffin fatake, da direbobin Kwatano, da masuntan Tafkin Chadi, da Hausawan zangunan gaɓar teku, sannan a ƙirƙiri abin da ya rage. Kalmar da yaro ya haddace don jarrabawa tana iya tsayawa a takarda, amma wadda ta tuna masa koramar garinsu ita ce ke fitar da ƙafarsa daga ruwa. Aikin tattarawar kuwa ba ya jira, don masu riƙe da waɗannan kalmomi yawancinsu sun manyanta.