Giris ɗin da Ba Wanda Ya Duba

Na sayi babur ɗin ne domin in huta da sarƙa. Duk wanda ya yi shekaru a kan mashin ya san ɗawainiyarta: yau a ɗaure, gobe a wanke, jibi a sauya sifaket, ga ƙurar hunturu tana cakuɗa da mai tana cin ƙarfe. Wannan kuwa ba shi da sarƙa. Sandar ƙarfe ce, irin farfelar mota, ke ɗaukar ƙarfin inji ta kai wa tayar baya, a rufe cikin hannun da ke riƙe da tayar. Dabarar ba sabuwa ba ce, domin BMW ta fito da ita a babur ɗinta na farko, R 32, tun 1923, Honda ta sa ta a Gold Wing a 1975, Yamaha ma ta sa ta a Super Ténéré, wanda ya ci sunan hamadar nan ta Nijar.

Nawa na wani kamfanin ne dabam, hannu na biyu, bai yi tafiya mai yawa ba, kuma littafin sabis ɗinsa cike yake da hatimin dila. Sai wata rana da za mu sauya tayar baya, makanikena, dattijo ne mai yawan bincike, ya ce bari ya leƙa ciki tunda an riga an kwance.

"Ɗan jarida, zo ka ga aikin Turawanka," in ji shi.

Na ce, "Baba, lafiya?"

Ya goga yatsa a bakin sandar ya nuna mini. Jan gari ne kawai, kamar an daka bulo. Ko alamar giris babu.

A nan ne na fahimci abin da ban taɓa tambaya ba. Bakin sandar yana da haƙora a kewaye, waɗanda ke shiga cikin wasu haƙoran kamar an sarƙe yatsun hannu biyu. Duk lokacin da taya ta faɗa rami ta taso, haƙoran kan ɗan zame gaba da baya alhali suna ɗauke da dukan ƙarfin inji. Man giyar da ke cikin akwatin tayar baya ba ya isa wurin, ɗakinsa dabam ne. Giris na kasuwa kuma matsi kan tatse shi ya fice, shi ya sa ake amfani da mai kauri wanda aka haɗa da sinadarin molibdenum, da ke manne wa ƙarfe ko bayan maiƙon ya bushe. Idan babu shi, kuma ruwa ya sulale ta robar da ke rufe mahaɗar, tsatsa za ta kama, haƙora su cinye ko su ƙage.

Wa ke da alhakin shafa shi? Masana'anta, a ranar haɗa babur. Dila kuwa aikinsa ya buɗe akwati, ya sa batir da madubi, ya duba mai da birki da iskar taya, ya goge fenti ya miƙa makulli. Ba wanda ya umarce shi ya kwance hannun tayar baya, kuma in jadawalin sabis bai ambaci wurin ba, hatimi goma ba sa nufin an taɓa buɗe shi. Ban ga laifin yaron shagon ba. Laifin da na gani na wanda ya tallata sandar a matsayin abin da ba ya bukatar kulawa ne, domin kalmar nan ita ke hana kowa dubawa, har da ni.

Manyan kamfanoni ma sun gamu da wannan. A 2022 BMW ta kira babura kimanin 440,000 na R 1200 GS da R 1250 GS, waɗanda aka ƙera tun daga 2013, domin a sa musu ɗan bawul mai zubar da ruwan da ke taruwa a wurin. Daga baya ta shigar da sandar cikin jadawalin sabis, ta ce a sauya ta duk bayan kilomita 60,000 a aljihun kamfani.

Ni dai na yi sa'a, haƙoran ba su kai ga lalacewa ba. Baba ya wanke su da kananzir da tsohon buroshin haƙori, muka jira mako biyu kafin giris ɗin ya iso daga Legas. Da ya gama shafawa, ya karɓi littafin sabis, ya rubuta kwanan wata da biro a ƙasan hatimin ƙarshe.