Hanyar Lugu

Motocin da ke tasowa daga Yamai zuwa Ƙonni da Maraɗi kusan duk sukan tsaya Dogon Dutsi. Fasinja ya sauka ya yi salla, ya ci tsire, ya ɗaga kai ya dubi jan dutsen da ya ba garin suna, ya koma mota. Iyakar abin da mafi yawan matafiya suka sani game da wannan ƙasa ta Arewa ke nan, kuma abin yana yi mini ciwo.

Ina saurayi aka damƙa mini wani baƙo, malamin makaranta daga Sakkwato, abokin kawuna. Ya ga fim ɗin Sarauniya da Med Hondo ya yi a 1986, ya ce ba zai koma gida ba sai ya taka Lugu, garin Sarauniya, da ƙafarsa. Kawu ya ce, "Malam, sannu-sannu. Ka fara ganin Dutsi tukuna."

Muka hau tudu da sanyin safiya. Daga sama mutum yana hango Dallol Mawri shimfiɗe, tsohon kwarin da ruwansa ya koma ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa rijiya ba ta nisa a cikinsa, shi ya sa gawo da goriba suke tsaye kore ko da rani. Na nuna masa Tozon Bijini, muka gangara Tapkin Saw inda masu lambu ke ta ban ruwa. Kashegari muka leƙa Matankari, tsohon mazaunin Sarkin Arewa, muka yi gaisuwa a ƙofar fada.

Lugu kuwa sai da muka sha hanya. Kwalta ta ƙare mana, muka shiga rairayi, mota na nishi. Da muka isa, na ga fuskar Malam ta canza. Ya zo da hoton ganuwa da mayaƙa a kansa, sai ya tarar da ɗan ƙauye a gindin duwatsu, bukkoki da rumbuna, awaki na yawo. Ya juyo ya ce wa kawu, "Nan ne?"

Nan ne. A nan, cikin Afrilun 1899, Sarauniya Mangu da mutanenta suka tari rundunar Turawa ta Voulet da Chanoine da kwari da baka, rundunar da ta taso tana ƙona garuruwa, ta wuce ta yi wa Birnin Ƙonni kisan gilla. Wani dattijo ya kai mu bakin duwatsun da mutanen gari suka fake cikinsu. Yana magana yana nuni da sanda, kai ka ce jiya aka yi abin. Ya ce kakansa ne ya ba shi labarin.

Abin da ya fi kama Malam shi ne sarautar ba ta mutu ba. Akwai Sarauniya a ɗakinta, sanye da farin saƙi, ba ta fita yawo. Muka tuɓe takalma, muka durƙusa daga bakin ƙofa, kawu ya miƙa goro. Murya ƙasa-ƙasa ta sa mana albarka, ta roƙa wa ƙasa ruwa da lafiya. Aka bayyana wa Malam tarkama, yadda ake ɗaukar gawar wadda ta rasu har ta nuna magajiyarta, haka ma ake yi wa Baura na Bagaji. Aka ba shi labarin Tunguma, dutsen shari'a da ake kai wa ƙarar sata da rantsuwa.

Malam mutum ne mai riƙon addini, na kuma san akwai abubuwan da zuciyarsa ba ta karɓa ba. Amma bai yi gatse ba, bai fito da na'urar hoto ba sai da ya nemi izini, da aka ce a'a ya bar ta cikin jaka. Na sha ganin baƙin da suka kasa yin haka, suna ɗaukar mutanen Lugu abin kallo, alhali gidansu aka shigo.

A hanyar komowa ya tambayi kawu me ya rage. Kawu ya ce Tibiri, ƙasar Samna, ta Kore Mairuwa ake bi. Malam ya ƙara kwana, muka tafi.