Zaurancen Yaran Zamfara: Abin da Kunnen Baƙo Ya Jiyo

Bakano in ya sauka Talata Mafara ranar kasuwa, kunnensa ne ke fara sanar da shi ya yi nisa da gida. Nan "hwara" ake cewa, ba "fara" ba. "Biyat", ba "biyar" ba. "Munka tahi", ba "muka tafi" ba. Da wannan harshe Musa Ɗanƙwairo, haifaffen ƙasar Bakura, da Sa'idu Faru na ƙasar Maradun suka yi wa sarakuna waƙa.

A Bakura, bakin wata gonar shinkafa mai shan ruwan madatsar Bakolori, na ji 'yan mata suna zaurance don kada in gane hirarsu. Bayan kowace gaɓa sai su cusa "b" tare da wasalin gaɓar: "tahi" ta koma "tabahibi", "hwara" ta koma "hwabaraba". A Kano "fabaraba" yaro zai ce. Ma'ana ta ɓuya, amma lafazin garinsu na nan daram.

Na tambayi wani dattijo a Maradun: "Baba, wa ya koya wa yara wannan ƙa'ida?"

Ya ce, "Ɗana, ba kowa. Mu ma haka munka tashi."

Masu ƙago harshe da gangan ma daga sauti suke farawa. Da Zamenhof ya fitar da harshen Esperanto a 1887, wasali biyar ya zaɓa, kowane harafi da sautinsa guda, don koyo ya zo da sauƙi. Marc Okrand, wanda ya tsara harshen Klingon na finafinan Star Trek, akasin haka ya bi: ya haɗa sautukan da ba kasafai suke zama a harshe ɗaya ba, don mai sauraro ya ji baƙunci.

Yaran Bakura ba su karanta aikin ko ɗayansu ba, amma ba sa karya dokar gaɓar Hausa: baƙi ya shige gaba, wasali ya biyo, kuma baƙaƙe biyu ba sa cunkushewa a farkon kalma. Dokar ce ta ba mu "burodi" da "sukurudireba".

Ina kira ga malaman Hausa na jami'o'in Sakkwato da Gusau: ku tura ɗalibanku waɗannan garuruwa su naɗi zaurancen yara da hirar dattawa, tun kafin Hausar rediyo da finafinan Kano ta shafe lafazin Zamfara.