Abokin Tashe

Goma ga azumi muke jira, mu yaran cikin birnin Kano na wancan zamani. Da an sha ruwa an idar da asham, lungu ya cika da ƙamshin ƙosai da kunun tsamiya, aci-balbal na hayaƙi a teburin mai tireda, sai ka ji gwangwanaye sun fara amsawa ta ko'ina. Tashe ya kama ke nan.

A irin wannan dare na san abokina. Riƙo aka kawo shi gidan gwaggonsa, kuma yaro ne mai kunya, ko gaisuwa sai ka kasa kunne. Na iske shi a soro shi kaɗai, yana liƙa auduga a haɓa da ƙaro, yana gwada tafiyar tsoho da karan dawa. Da ya buɗe baki ya ɗauko waƙa, wallahi sai na nemi kunyar nan na rasa. Ni kuwa ina da ganga ta gwangwanin madara. Na ce, "Kai, zo mu tafi tare." Bai amsa ba, ya dai gyara gemunsa ya biyo ni.

Shi ne tsoho, shi ne Jatau mai magani da jakar saiwoyinsa, ni da sauran yara muna amshi. Matan gida su yi ta dariya a bakin murhu, a ba mu gero a ƙoƙo, wani lokaci kwabo. Shekarar da naira ta fito, 1973, mun daɗe muna juya sabon kuɗin a hannu kafin mu yarda mu kashe. Akwai daren da gumi ya narkar da ƙaron, gemu ya faɗo gaban wani dattijo. Dattijon ya ɗauka ya miƙa masa, ya ce, "Ungo, Baba, girma ya faɗi." Mukan kuma bi bayan Nalako, Sarkin Gwagware, muna kallon yadda gwagware ke ɓuya.

Da muka tasa, sai sinimar Plaza a Fagge. Ba ma jin Indiyanci, amma labarin da ake tsayawa a tsakiyarsa a yi waƙa da rawa ba baƙo ba ne a wurinmu. Mu dawo a ƙafa, yana rera abin da ya ji da kalmomin da ya ƙirƙira.

Yanzu gidaje sun yi ƙofofin ƙarfe, iyaye na tsoron dare, kuma ba na ganin laifinsu. Tashen ya ragu, jikokinmu sun fi saninsa a waya. Shi kuma ciwon ƙafa ya zaunar da shi, sai in je in same shi bayan asham. In yara biyu ko uku suka biyo layin da ɗan gwangwaninsu, yakan sa a kira su, ya gyara musu amshi, sannan ya ce da ni, "Alhaji, sallame su mana, ai sun yi ƙoƙari."